Darasin kiwo: tartsatsin da ke firgita doki lokacin hunturu

 Darasinmu na wannan karo bisa doki ne. Daga watan Nuwamba har zuwa Maris, akwai wani abu da ke samun masu dawaki a ƙasar Maraɗi, Damagaram, Tawa, Ƙonni har Yamai. Mutum ya gama share dokinsa, ko ya cire masa bargo da safe, ya miƙa hannu zai taɓa shi, sai ya ji ƙas! kamar an soke shi da allura a yatsa. Doki ma ya ji. Nan take ya zabura, ya fizge igiya, wani lokaci ya yi harbi. Dokin da ke da hankali jiya, yau ba ya yarda a kusanci kansa.

Wasu su ce iskoki ne. Wasu su ce an yi wa dokin baki. Wasu kuma su ɗauki bulala. Abin kuwa yana da dalili sananne, kuma rigakafinsa ba ya cin ko dala. Ku karanta a hankali, ku karanta wa waɗanda ba su iya ba tukuna.

MENE NE WANNAN TARTSATSI?

Lantarki ne, amma ba irin na waya ba. Sunansa lantarkin gogayya, don guga ce ke haifar da shi.

Ku ɗauko batirin radiyo ku duba. A kai ɗaya akwai alamar ƙari (+), a ɗaya kan akwai alamar ragi (-). To, kowane abu a duniya, da gashi, da tufa, da leda, da jikin mutum, yana ɗauke da waɗannan iri biyu na lantarki. Kullum daidai suke da juna, shi ya sa ba mu jin kome. In aka goga abu biyu, sai wasu ƙwayoyi ƙanana ƙwarai, waɗanda ido ba ya gani, su bar abu ɗaya su koma ɗayan. Masana suna ce musu ilektaron, su ne ke ɗauke da ragi. Gashi yana saurin sakinsu. Leda da roba suna saurin kama su. Bayan guga sai ɗaya ya zama yana da rara, ɗayan kuma yana da gibi.

Wannan rara tana neman hanyar komawa. In ta samu hanya mai sauƙi, sai ta zurare sannu-sannu zuwa ƙasa, ba wanda ya sani. In ba ta samu ba, sai ta taru ta jira. Da yatsa ya matso kusa, sai ta yi tsalle gaba ɗaya ta cikin iska. Tsallen nan shi ne tartsatsin da muke ji.

Mutanen Girka na dā sun lura da wannan abu tun kafin haihuwar Annabi Isa. Sun ga in aka goga wani daskararren ƙaro da gashi, yana jawo ƴan hakukuwa. Sunan ƙaron a harshensu elektaron. A shekarar 1600 wani likita na Ingila, Wiliyam Gilbat, ya rubuta littafi bisa wannan al'amari, kuma daga sunan ƙaron nan ne Turawa suka samo sunan da suke kiran lantarki da shi. A shekarar 1752, bisa shawarar Banjamin Faranklin na Amurka, aka gwada aka tabbatar walƙiyar damina ma lantarki ce. Ke nan tartsatsin da ke tsakanin yatsanka da hancin dokinka ɗan ƙanen walƙiya ne.

Ƙarfin lantarki ana auna shi da bolt, kamar yadda ake auna hatsi da tiya. Batirin radiyo bolt 1 da rabi ne. Batirin mota bolt 12. Wutar gida a Nijar bolt 220. Tartsatsin gogayya kuwa, kafin mutum ya ji shi, sai ya kai wajen bolt 3,000. Za ku ce, to don me ba ya kashe mutum? Don ɗan kaɗan ne ƙwarai, kuma kafin ƙiftawar ido ya ƙare. Ɗigon ruwa ɗaya da ya faɗo daga ƙololuwar itace zai buge ka a ka, amma ba zai tafi da kai ba. Gulbin Maraɗi in ya kawo, shi ke tafiya da mutum. Tartsatsi ɗigon ne, wutar waya ita ce gulbin.

KU GWADA DA KANKU

Ku sami alƙalamin biro na roba ko matsefin roba. Ku yayyaga takarda ƙanana-ƙanana, ko ku debo ɗan ƙaiƙayi. Ku goga biron a gashin kai ko a wutsiyar akuya kamar sau 20, ku kai shi kusa da takardun. Za ku ga suna tashi suna manne masa.

Yanzu ku shafa wa biron jiƙaƙƙen tsumma, ku sake kai shi. Ba abin da zai tashi. Ruwa ya kwashe lantarkin.

Gwaji na biyu da dare ne. A ɗaki mai duhu, ku ja bargon kanti da ƙarfi bisa gashin kai ko bisa wata riga. Za ku ji ƙas-ƙas-ƙas, ku ga ƴan wuta shuɗɗa suna ƙyalli. Abin da ke faruwa ke nan a bayan doki in an ja masa bargo.

DON ME SAI DA HUNTURU?

Da damina iska tana da laima. Laimar nan tana kwanciya bisa gashi da tufa da igiya da ƙasa, siririya ƙwarai, hannu ba ya jinta. Ita ce hanyar da lantarki ke bi ya zurare. Shi ya sa a watan Agusta za ka share doki tun safe har hantsi ba ka ji kome ba.

Da hunturu iska tana zuwa daga arewa maso gabas, daga cikin Sahara. Ba ta ɗauke da ruwa, sai ƙura. Yawancin hazon da ke rufe mana rana yana tasowa ne daga kwarin Bodele, a arewacin Cadi. Ma'aikatan duba yanayi suna auna laimar iska da kashi cikin 100. A ƙasarmu da tsakiyar damina takan wuce 60. A watannin Fabrairu da Maris takan sauka ƙasa da 20. Kun san alamunta ba sai da awo ba: leɓe ya tsage, dunduniya ta yi faso, wanki ya bushe kafin a gama shanya.

Masana sun auna abin da ke taruwa in mutum ya ɗaga ledar roba daga kan tebur. In iska tana da laima sosai, wajen bolt 1,200 ne, mutum ba ya ji. In iska ta bushe kamar tamu ta hunturu, yakan kai bolt 20,000. Aiki ɗaya ne, leda ɗaya ce, laima kaɗai ta bambanta.

Ga kuma wani abu. Doki yana tsaye bisa kofato, kofato kuwa in ya bushe ba ya barin lantarki ya wuce da sauƙi. Rairayin da ke ƙarƙashinsa ma busasshe ne. Kai kuma kana sanye da silifa ko takalmin roba. Ke nan daga kai har dokin ba mai hanya zuwa ƙasa. Kowa yana tara nasa, sai kun haɗu.

DON ME DOKI KE FIRGITA HAKA?

Fatar doki tana da saurin ji. Ƙuda ɗaya ya sauka a bayansa, za ku ga fatar wurin ta karkaɗa. Leɓe da hanci da kunne sun fi ko'ina ji. Dogayen gashin nan na bakinsa da su yake lalube abinci cikin duhu, don haka kada a yanke su. Abin takaici, hanci shi ne wurin da mutane suka fi miƙa wa yatsa.

Doki dabba ce da Allah ya halitta da gudu. In abu ya ba shi tsoro, ba ya tsayawa bincike. Kuma akwai wurare biyu da ba ya gani: daidai gaban goshinsa, da daidai bayan wutsiyarsa. In zafi ya zo masa daga inda ba ya gani, sai ƙafa ta yi magana.

Tartsatsin kansa ba ya yi wa doki rauni. Abin da ke biyo baya shi ne haɗari. Babban doki ya kai kilo 300 ko fiye. In ya fizge kai zai iya fasa wa mutum baki. In ya ja da baya zai iya tsinke ragama, ko ya tuge turke, ko ya ji wa wuyansa ciwo. In ya yi harbi kuma ga yaro a baya, kun san sauran. In igiya tana naɗe a hannun mai riƙo, sai ya ja shi a ƙasa.

Haɗari na biyu shi ne ɓacin hali. Doki ba ya mantuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake. Dokin da ya sha tartsatsi sau 3 ko 4 a hanci zai soma ƙin linzami, ya ƙi a taɓa kansa, ya ƙi bargo, wani lokaci ya tsani mutum ɗaya a gidan. Dokin hawan salla ko na sukuwa da aka sha wahalar horo sai ya lalace a ɗari guda. Ranar kasuwa kuma, dokin da ba ya yarda a taɓa kansa kuɗinsa ya faɗi.

ABUBUWAN DA KE TARA SHI

Kayan roba su ne kan gaba:

1. Bargon kanti mai laushi da ake rufa wa doki da dare.
2. Buhun leda, irin na taki ko na shinkafa, da wasu ke shimfiɗawa ƙarƙashin sirdi.
3. Igiyar nailan da ragamar nailan.
4. Buroshin roba da matsefin roba.
5. Rigar sanyi ta nailan ko ta targal a jikin mai doki.
6. Silifa da takalmin roba.

Kayan da ba su cika tara shi ba su ne na gargajiya: zanen auduga, gwado saƙi, buhun algarara, igiyar kaba ko ta rama, ragamar fata, takalmi mai tafin fata, matsefin itace. Waɗannan suna riƙe ɗan laima ko da iska ta bushe. Ulu kuwa ku yi hankali da shi. Daga jikin tunkiya yake, amma in ya gogu da leda ko roba yana tara lantarki sosai.

Kakanninmu ba su san sunan bolt ba, amma kayan dokinsu fata ne da auduga. Shigowar leda da nailan ita ta ƙara yawan abin.

RIGAKAFI YA FI MAGANI

Ga matakai 10. Ku bi su a jere.

Na 1. Tanadi ruwa kafin ka soma. Ƙwarya ɗaya ta ruwa da tsumman auduga sun isa. Ka jiƙa tsumman ka matse shi sosai. Ba wanka za ka yi wa doki ba da sanyin safiya, laima kaɗai ake so.

Na 2. Ka share kashi da fitsari daga gindin turke, sannan ka yayyafa ruwa mai tsabta inda doki ke tsaye da inda kai za ka tsaya. Yayyafi, ba caɓi ba. Ƙasa mai ɗan laima tana janye lantarki daga ƙafafunku duka, tana kuma kwantar da ƙura. Amma kada a bar wurin kullum a jiƙe da ƙazanta, don hakan yana ruɓar da cikin kofato.

Na 3. Ka sauke naka lantarki tukuna. Ka taɓa ƙarfen da ke kafe cikin ƙasa, ko famfon ruwa, ko itace mai rai, ko ƙasar da ka yayyafa wa ruwa. Busasshen turke na itace ba ya yin wannan aiki. In kana tsoron zafin, ka riƙe makulli a hannu ka taɓa ƙarfen da shi. Tartsatsin zai fita ta bakin makullin.

Na 4. Ku lura da kyau a nan. Wani lokaci lantarkin ba a jikinka yake ba, a jikin dokin yake. Ko ka sauke naka, in ka miƙa yatsa zai yi tsalle. Saboda haka taɓawar farko ka yi ta da jiƙaƙƙen tsumman nan. Tsumman yana janye lantarki sannu, ba ƙara, ba zafi.

Na 5. Ka yi wa doki magana kafin ka iso. Ka zo ta gefe, wajen kafaɗa, inda yake ganinka. Ka soma taɓa kafaɗa ko wuya da tafin hannu gaba ɗaya. Lantarki ya fi son tsalle daga abu mai tsini, kamar kan yatsa. Kada taɓawar farko ta zama a hanci, ko kunne, ko kusa da ido.

Na 6. In kana shara, hannu ɗaya ya riƙe buroshi, ɗayan ya zauna bisa jikin doki, kada ka ɗaga shi. Muddin fatarka tana haɗe da tasa, abin da ke jikinka da abin da ke jikinsa daidai suke, ba abin da zai yi tsalle. In ka ɗaga hannu ka tafi ɗauko wani abu, to ka koma mataki na 3 da na 4. Bayan kowace shara kaɗan, ka tsoma bakin buroshi a ruwa ka kakkaɓe. Ka bi kwancin gashi a hankali. Guga da sauri ita ke tara shi.

Na 7. Cire bargo shi ne inda aka fi shan tartsatsi. Kada ka kama bakin bargo ka ja shi bisa bayan doki. Ka kwance ɗauri duka. Ka naɗe gaba zuwa tsakiya, ka naɗe baya zuwa tsakiya, sannan ka ɗaga shi sama. Ka tafi da shi gefe ka ajiye, ka taɓa ƙasa mai laima, ka dawo ka shafe bayan dokin da tsumma. In bargon roba kaɗai gare ka, ka shimfiɗa tsohon zanen auduga a ƙarƙashinsa. Haka kuma za ka yi wajen sauke sirdi da abin da ke ƙarƙashinsa: a ɗaga, kada a ja.

Na 8. Geza da wutsiya su suka fi tara lantarki, don gashinsu dogo ne. In ka ga gashin wutsiya ya barbaje yana manne wa cinya ko yana bin hannunka, to ya cika. Ka shafa ɗan man kaɗe ko man gujiya a tafin hannu, ka murza, ka bi gashin da shi daga sama zuwa ƙasa. Kaɗan ake so, don mai da yawa yana kama ƙura. Kada ka shafa inda sirdi ke zama, zai zame. Baƙin man mota da gazuwal kuwa kada su kusanci fatar dabba, suna ƙona ta. Wajen taje wutsiya ka tsaya a gefen cinya, ka jawo wutsiyar wajenka. Kada ka tsaya a baya.

Na 9. Ka duba jikinka. Rigar auduga ta fi ta nailan wajen aikin barga. Takalmi mai tafin fata ya fi silifa. Kada ka ce za ka tafi ba takalmi don lantarki ya sauka, kofato zai iya murƙushe maka yatsu. Hannu mai kaushi da faso ya fi tara shi, don haka ka riƙa shafa mai.

Na 10. Ka gyara fatar doki daga ciki. Gashi busasshe mai karyewa ya fi tara lantarki bisa gashi mai sheƙi. Babban doki yana shan lita 25 zuwa 40 na ruwa a yini. Da ɗari mutane suna rage shayarwa don ba a jin zafi, alhali iskar tana tsotse ruwan jiki. A shayar da shi aƙalla sau 2 ko 3. A ba shi harawa mai kyau, da dusa, da hatsi gwargwado, da ɗan gishiri ko kanwa. Ana iya ƙara ƴar tunkuzar gujiya, in dai ba ta yi fumfuna ba. Wanka kuwa da tsakar rana, kuma ba kullum ba. Garin sabulun wanki yana cire maiƙon fata, kada a yi wa doki wanka da shi.

KU KOYA WA YARA

A yawancin gidaje yaro ne ke kai doki rijiya, shi ke cire masa bargo. Kada a bar shi ya koya da haƙoransa. Uba ya tsaya da shi a gindin turke ya nuna masa da hannu. Ya ce masa: «Kai yaro, kafin ka taɓa shi, me za ka yi?» Yaron ya amsa: «Baba, in jiƙa tsumma, in taɓa ƙasa, in yi masa magana, in soma da kafaɗa.» A maimaita har ya zauna masa. A kuma gargaɗe shi bisa abu biyu: kada ya naɗe igiya a hannu, kada ya bi ta bayan doki. Ƙananan yara kuwa a hana su wasa kusa da turke lokacin shara.

IN ABIN YA RIGA YA FARU

Kada ka buge shi. A ganinsa kai ne ka soke shi. In ka ƙara da bulala, ka tabbatar masa ke nan. Ka ja da baya taki ɗaya, ka sassauta igiya, ka yi masa magana da murya ƙasa-ƙasa har ya sauke kai. Ka ɗauki jiƙaƙƙen tsumma ka soma daga kafaɗa.

In ya riga ya tsani a taɓa kansa, sai haƙuri. Yau ka shafa wuya ka tsaya. Gobe ka kai kusa da kunne. Jibi ka kai kumatu. Duk inda ya natsu, ka ba shi ɗan hatsi a ƙwarya, ba a tafin hannu ba. Sannu ba ta hana zuwa.

Amma ba kowace zabura ce ta tartsatsi ba. Ka duba ko akwai gyambo ƙarƙashin sirdi, ko kaska cikin kunne, ko ciwo a baki inda linzami ke zama, ko ido yana hawaye. In ka bi matakan nan duka, doki bai daina ba, ka kai shi wajen ma'aikatan kiwo su duba shi.

KADA A RIKITA SHI DA WUTAR WAYA

Wannan sashe ya shafi rai. A garuruwan da ke da wutar lantarki, da lambunan da ke da injin ban ruwa, wuta tana iya yoyo daga lalatacciyar waya ta shiga ƙasa, ko ƙofar ƙarfe, ko kwamin shan ruwa. Ga yadda ake bambanta su:

Tartsatsin gogayya sau ɗaya yake, ƙas, ya ƙare. In ka sake taɓawa ba ka jin kome. Yana zuwa da hunturu. Ruwa yana kashe shi.

Wutar waya ba ta ƙarewa. Duk lokacin da ka taɓa tana nan, tana girgiza hannu. Tana zuwa kowane lokaci, har da damina. Ruwa yana ƙara mata ƙarfi.

Doki ya fi mutum saurin mutuwa da wutar da ke cikin ƙasa, don ƙafafunsa na gaba da na baya suna da nisa da juna, wutar tana shiga ta wasu ta fita ta wasu, ta bi ta ƙirji. A watan Fabrairu na 2011, a filin sukuwa na Newbury a Ingila, dawaki 2 sun faɗi matattu kafin a soma tsere. Bincike ya nuna wata waya ce da ke binne ƙarƙashin ciyawa ta yi yoyo. Mutanen da ke riƙe da su ba su mutu ba.

Saboda haka in doki ya ƙi wani wuri ɗaya kullum, ko ya ƙi shan ruwa a wani kwami alhali yana da ƙishirwa, kada a tilasta shi. Kada a zuba ruwa a wurin. A janye dabbobi da yara, a kashe wuta, a kira mai gyaran lantarki ko ma'aikatan NIGELEC. Kada a kafa turke ƙarƙashin waya ko a jikin falwaya.

Gargaɗi na ƙarshe: ɗan tartsatsin nan yana iya kunna tururin fetur. Kada a kakkaɓe bargo ko a share doki kusa da inda ake ɗura fetur, kuma kada a ajiye fetur cikin barga.

ABIN RIƘEWA

Guga ke tara shi, bushewa ke riƙe shi, laima ke sauke shi. Tsumma mai laima, ƙasa mai laima, tafin hannu a kafaɗa. Bargo a ɗaga shi, kada a ja. Auduga da fata sun fi leda da nailan. Doki in ya zabura, ba a bugunsa.

TAMBAYOYI

Ku tattauna su a wurin karatu, kowa ya rubuta amsarsa a littafinsa.

1. Don me ba a jin tartsatsi a watan Agusta?
2. Ku rubuta kaya 3 na gidanku da ke tara lantarki, da kaya 3 da za su maye gurbinsu.
3. Mutum ya taɓa ƙarfe ya sauke nasa lantarki, amma da ya taɓa doki ya ji ƙas. Me ya faru? Me ya kamata ya yi?
4. Yaya ake bambanta tartsatsin gogayya da wutar waya?
5. Lissafi: wani manomi yana shayar da dokinsa lita 30 a yini, yana kuma yayyafa lita 4 a gindin turke. Lita nawa yake bukata a mako ɗaya? Bokiti nawa ke nan, in bokitinsa yana cin lita 17?

Wanda ya gwada matakan nan ya gaya wa maƙwabcinsa abin da ya gani. Allah ya kiyaye mu da dabbobinmu, ya kai mu damina lafiya.